Kayen da gara ta cinye

A hutun daminar da ta wuce, ina zaune a ƙofar gidana a Ɗan Kassari bayan sallar la'asar, sai wata budurwa ta yi sallama, ta durƙusa ta ce: "Mushe, ina wuninku?" Tun da na ajiye alli ba kasafai nake jin wannan suna ba, don haka na ɗaga kai na dube ta da kyau. Fuska ta canza, amma tabon da ke gefen girarta yana nan inda na san shi. Ranar da ta same shi ina wurin, da usur a bakina. Ɗaya ce daga cikin ƴan matan da na koyar a kwaleji, yanzu kuwa tana karatu a jami'a a Yamai.

Bayan mun gaisa, na tambaye ta mutanen gida da karatu, sai ta faɗi abin da ke tafe da ita. Ita da wasu ƙawayenta suna taɓa ƙwallo da marece, suna kuma son su mai da abin ƙungiya sosai, mai suna da riguna. Wani ɗalibi ya yi musu dariya, ya ce ƴan matan karkara da ba su san fili ba sai a talabijin, yaushe suka fara? Ita kuwa ta ce masa tun tana ajin farko na kwaleji take wasa, kuma akwai shaida, domin mushensu yana rubuta komi a kaye: ranar wasa, waɗanda suka shiga, wadda ta ci, wadda ta ji ciwo.

"Shi na zo ku ara mini, Mushe. In na ɗauki hotonsa sai in maido muku."

Na sa aka kawo mata ruwa, na tambaye ta tsadar hatsi a Yamai, na yi ta kewaye-kewaye irin na mai bashi da ya ga mai kuɗi a ƙofa. Kayen dai babu shi.

Bari in koma baya, don mai karatu ya san abin da ya ɓace. Tarihi da labarin ƙasa nake koyarwa. Amma duk wanda ya yi aiki a makarantun karkara ya san yadda abin yake: in babu malamin motsa jiki, sai a dubi wanda ya fi ƙuruciya cikin malamai a miƙa masa usur. Haka abin ya faɗo kaina. Samari suna da ƙwallonsu da filinsu tun kafin in zo. Ƴan mata kuwa, in lokacin wasa ya yi, sai su taru ƙarƙashin dogon yaro suna kitso da hira har a kaɗa ƙararrawa. Wata rana ƙwallon samari ya gangaro wurinsu, wata siririya ta miƙe ta maida shi da ƙafar hagu, irin bugun da ya sa fili ya yi tsit. Washegari wasu daga cikinsu suka tare ni a bakin aji, kowa na tura ƴar uwarta ta yi magana, har ɗaya ta daure ta ce su ma suna so.

Makon farko ba mu taɓa ƙwallo ba, ƙarangiya muka yi ta shara a bayan azuzuwa, don yawancinsu ba takalmi za su yi wasa. Muka kafa sanduna biyu a kowane gefe. Suna sa wando a ƙarƙashin zane, su ɗaure kallabi tam. Abin da ya fi share fili wuya shi ne bin gidaje. Iyaye mata suna tambaya wa zai yi daka da ɗebo ruwa in ɗiya ta tsaya wasa. Wani dattijo kuwa ya saurare ni har na gama, sannan ya ce: "Malam, don karatu na ba ka ita, ban ba ka ita don tsalle-tsalle a gaban maza ba." Ɗiyarsa ba ta taɓa shiga fili ba. Sauran sun yarda bisa sharaɗi biyu: sai ranar da babu karatun marece, kuma sai wata malama tana zaune a gefe daga farko har ƙarshe.

Shekara uku muka yi a haka, har muka kara da ƴan matan wata makaranta da ke maƙwabtaka da mu, zuwa da dawowa. Ni kuwa, saboda halin malamin tarihi, na sayi kaye mai shafi 100, na ja layuka, ina rubuta komi. Da aka yi mini canjin wurin aiki, na sa shi cikin kwali tare da tsofaffin takardun jarrabawa, na aje a kusurwar wani ɗakin ajiya na ƙasa, da niyyar in dawo in ɗauka. Sai bayan damina biyu na waiwayi kwalin. Na ɗaga shi, gindinsa ya zauna a ƙasa. Gara ta mai da abin da ke ciki turɓaya. Ga abin da ya fi ci mini rai yau: a ranar na yi baƙin ciki ƙwarai, amma na takardun shirin darasina ne. Kayen ƴan mata ko tuna shi ban yi ba.

Kafin in sami ƙarfin gaya mata wannan, sai ta buɗe jaka ta fito da wasu takardu da ta buga a Yamai, ta ce irin wannan take son su yi wa tasu ƙungiya. Tarihin ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta mata ne ta wata jami'a a Amurka, Jami'ar Karolina ta Arewa da ke garin Chapel Hill. Na yi murmushi da jin sunan, ashe su ma suna da Arewarsu. Ta yi ta fassara mini daga Ingilishi har magariba, na kuma roƙe ta ta bar mini takardun su kwana.

Jami'ar tsohuwa ce, tun 1795 take karɓar ɗalibai, amma ƙungiyar matan ba ta da wannan tsufa. A 1979 aka amince da ita, wato shekara shida kacal bayan Cibiyar Ilimi Mai Zurfi ta Yamai ta zama jami'a a 1973. Abin da ya share mata hanya doka ce: sashe na 9 na dokar ilimi ta 1972, wanda ya hana duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya ta bambanta mace da namiji, har a fagen wasanni. Aka damƙa ƙungiyar ga wani saurayi, Anson Dorrance, wanda ke horar da ƙungiyar maza ta jami'ar tun 1977. A 1981 suka ɗauki kofin ƙasa na farko. Da hukumar wasannin jami'o'in Amurka, NCAA, ta fara shirya gasar mata a 1982, su suka ci, suka sake a 1983 da 1984. Daga 1986 zuwa 1994 kuwa sau tara a jere suka ɗauki kofin, ba wanda ya taɓa shi sai su. A cikin waɗannan shekaru sun yi wasa 103 ba a ci su ba, daga baya kuma suka yi nasara a wasa 92 a jere, ko kunnen doki babu. Lokacin da Dorrance ya ajiye aiki a 2024, bayan shekara 45, kofunan NCAA da ya kawo 21 ne. A watan Disamba na wannan shekarar magajinsa, Damon Nahas, ya ƙara na 22, bayan sun ci Wake Forest 1 da 0.

Daga wannan fili Mia Hamm ta fito, wadda ta ci wa jami'ar ƙwallo 103, ta ci wa ƙasarta 158. Nan Kristine Lilly ta yi karatu, wadda ta sa rigar Amurka sau 354. Wata ƴar Holan mai suna Sarina Wiegman ta yi kaka ɗaya a can a 1989. Ita ce daga baya ta horar da Holan ta ci kofin Turai a 2017, ta horar da Ingila ta ci shi a 2022 da 2025. Shi kansa Dorrance shi ya jagoranci Amurka ta ci kofin duniya na mata na farko, a ƙasar Sin a 1991, gasar da Najeriya kaɗai ta wakilci Afirka a cikinta.

Waɗannan lambobi suna da ban sha'awa, amma ba su suka hana ni barci ba. Abin da ya hana ni shi ne yadda aka rubuta faɗuwa da irin kulawar da aka rubuta nasara. Ga wasan ƙarshe na 1985 da George Mason ta doke su. Ga Connecticut da ta katse musu wasa 103 ɗin nan a 1990. Ga kunnen dokin da suka yi da Notre Dame a 1994, ba ci ko ɗaya, da kayen da suka sha hannun Duke a kakar nan. Ga shekara goma sha biyu na fari, daga 2012 zuwa 2024, ba kofi; a tsakiyarsu ga wasan ƙarshe na 2022, suna gaba da ci 2 da 0, UCLA ta farke ta ci su 3 da 2. Kowace kaka da layinta, kowane wasa da ranarsa. Ba a share komi don kunya ba.

Rubutun ma ba a bakin fili ya fara ba, tun daga wurin atisaye ne. Dorrance ya je kallon horon Dean Smith, mashahurin mai horar da ƴan ƙwallon kwando na jami'ar, ya tarar mataimaka suna tsaye da takarda suna ƙidaya duk abin da kowane ɗan wasa ya yi. Ya ɗauko wannan dabara: kowane tsere, kowace karawa ta mutum biyu a kan ƙwallo, sai an rubuta wadda ta yi nasara, a tara, a jera sunaye daga ta ɗaya har ta ƙarshe, a liƙa kowa ya gani. Hujjarsa ita ce an tarbiyyantar da ƴan mata su ji nauyin kayar da ƙawarsu, takardar kuwa tana sauke musu wannan nauyi. Da na fara jin haka na ce a raina wannan ba zai yi a wurinmu ba, ya saɓa wa kunya. Sai na tuna mu malamai shekara da shekaru muna tsayar da yara a rana muna karanta musu sakamako, na ɗaya, na biyu, har na ƙarshe, ba mu taɓa cewa ya saɓa wa komi ba.

Ba na yaudarar kaina. Can akwai kuɗi, akwai fili mai ciyawa da likita, akwai tallafin karatu ga ƴar wasa. Mu kuwa har yau muna da azuzuwan zana da iskar farkon damina ke kwashewa. Wanda ya ce a gwada Ɗan Kassari da Chapel Hill a wannan fanni neman magana yake. Sai dai kuɗin kaye bai kai na tiyar hatsi ba, kuma na saya, na cika, na bar wa gara. Wannan ba talauci ya jawo shi ba.

Akwai kuma shafin da ba ya cikin takardun da ta kawo, amma yana cikin tarihin, ita ce ma ta gaya mini. A 1998 tsofaffin ƴan wasa biyu suka kai Dorrance da jami'ar kotu bisa zargin cin zarafi. Ya musanta, aka yi shekara goma ana shari'a, ta ƙare da sulhu a 2008. Da na ji haka sai dattijon nan ya faɗo mini a rai. A lokacin na ɗauke shi mai taurin kai. Yau ina ganin tambayar da ke bayan maganarsa tambayar uba ce: wa ke tare da ɗiyata, wa ke sa ido a kansa? Sharaɗin malamar da ke zaune a gefe, wanda na karɓa da ɗan jin haushi, shi ne mafi hikima cikin duk abin da muka tsara, kuma iyaye suka kawo shi, ba ni ba.

To mu ina namu tarihin? Na ƙasa yana nan, gajere ne kuma mai ɗaci. A watan Satumba na 2007 ƙungiyar matan Nijar ta kara da Burkina Faso a Wagadugu, aka ci ta 10 da 0. A watan Mayu na 2019, a gasar yankin Afirka ta Yamma a Abijan, Najeriya ta ci ta 15 da 0. Najeriyar da a 2025 ta ɗauki kofin Afirka na mata karo na goma. Na ji mutane suna dariyar waɗannan lambobi a bakin shagon mai shayi. Ni kuwa, tun daga daren nan, kishinsu nake. Wanda aka ci 15 an san ya shiga fili, an san ranar, an san garin. In wata rana aka ci shi 3 kawai, akwai abin da za a gwada a ce an ci gaba. Ƴan matana ko wannan ba su da shi.

Kada a ce mu mutane ne marasa riƙe tarihin wasa. Tsaya a kowace kasuwa ta Arewa, daga Matankari zuwa Tibiri, ka tada zancen kokowa, za ka sami wanda bai taɓa zama a aji ba yana jera maka waɗanda suka ɗauki takobi tun daga gasar farko ta Tawa a 1975, da garin da aka yi, da irin kayen da aka yi. Filin kokowa na Doso sunan Salma Ɗan Rani yake ɗauke da shi. Yaran goye ma sun san Issaka Issaka ya ɗauki takobi fiye da kowa. Kokowa tana da makaɗa, irin su Sagalo, waɗanda aikinsu ke nan su hana suna mutuwa. Kirarin ɗan kokowa shi ne kayensa, kuma gara ba ta cin sa. Ƙwallon ƴan mata ba shi da makaɗi, ba shi da maroƙi. Abin da ba a yi wa kiɗa ba, ba a kuma rubuta ba, to kamar ba a yi shi ba ne.

Ni ne ya kamata in fi kowa sanin haka, domin Lugu tana cikin ƙaramar hukumarmu, kuma kowace shekara nakan koyar da labarin Sarauniya Mangu da arangamar da ta yi da rundunar Voulet da Chanoine a watan Afrilu na 1899. Nakan nuna wa yara yadda rahotannin sojojin Faransa suka ƙidaya nasu matattu da harsasan da suka harba, ita kuwa layuka kaɗan suka ba ta. Mutanen Lugu sun riƙe labarinta a baka, amma sai da Abdoulaye Mamani ya rubuta littafinsa a 1980, Med Hondo ya yi fim a 1986, sannan ƙasa da duniya suka waiwaye ta. Shekara 81 tsakanin yaƙin da littafin. Ba ina gwada wasan yara da yaƙi ba ne, Allah ya kiyaye. Ina cewa ne na tsaya gaban allo na yi wa yara wa'azi a kan yadda aikin mace ke zubewa daga hannun masu rubutu, da marece kuma na fita na aikata abin da nake zargi.

Abin da na fahimta a ƙarshe game da ƙungiyar makaranta, ta kwaleji ce ko ta jami'a, shi ne ba ta da ƴan wasa na dindindin. A Chapel Hill ma kowace yarinya shekara huɗu ko makamancin haka take yi ta tafi. Tun 1979 an sake fuskoki gaba ɗaya fiye da sau goma. Abin da ke zama shi ne suna da jerin nan. Sabuwar ɗaliba ta iso ta tarar an riga ta, ta san lambar da ke bayan rigarta wasu sun sa ta, ba sai ta nemi izinin kasancewa ba. A wurinmu tafiyar ta fi sauri: binciken ƙasa na 2012 ya nuna kusan uku cikin huɗu na ƴan matan Nijar suna aure kafin shekara 18, kuma duk da dokar da gwamnati ta sa wa hannu a watan Disamba na 2017 don kare karatun ɗiya mace, wanda ya riƙe rajistar aji ya san yadda sunaye ke raguwa daga ajin farko zuwa na jarrabawa. In ba a bar komi a baya ba, kowane sabon rukuni sai ya ɗauka shi ne na farko, ya sake share ƙarangiya, ya sake bin gidaje, ya sake amsa tambayar ɗalibin nan mai dariya. Ba mu kaɗai wannan ya sama ba. A Ingila, a watan Disamba na 1920, mutum 53,000 suka cika filin Goodison Park don kallon wasan mata. A 1921 hukumar ƙwallon ƙasar ta hana su filayenta har shekara 50, jikokinsu suka tashi suna zaton abin sabo ne.

Da safe ta dawo karɓar takardunta, na gaya mata gaskiya, har da cewa ban yi baƙin cikin kayen ba a ranar. Ta yi shiru tana duban ƙasa. Can ta ce: "Ba komi, Mushe." Da ta yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi.

Bayan kwana biyu sai ga ta da sabon kaye da biro. Ta ja layukan da kanta, daidai yadda nake ja, ashe tana kallo. Muka zauna muna tuno sunaye, ita ta kawo mafi yawa, ni na ƙara kaɗan, sannan muka shiga bin gidaje, karo na biyu a rayuwata saboda ƙwallon ƴan mata. Wasu suna nan cikin gari, wasu sun yi aure a ƙauyuka. Mai tsaron gidanmu muka same ta a wani ƙauye wajen Bagaji, da goyo a baya, tana sussuka. Da ta ji abin da ya kawo mu ta yi dariya har ta riƙe turmi, ta ce wa zai karanta wannan? Amma da aka zo kan wasanmu na farko da maƙwabta sai dariya ta ɗauke. Ta rantse ƙwallo ɗaya tak ya wuce ta, mu muka ci 2 da 1. Ɗalibar jami'a ta ce a'a, 2 da 2 aka tashi, na biyun ya shiga dab da tashi, ta kusa da sandar hagu. Suka juyo gare ni, ni da na hura usur ɗin. Na ce su rubuta duka biyun, kowanne da sunan wadda ta faɗa a gefensa da ranar da ta faɗa, yadda na koya musu a yi da labarin baka. Ɗiyar mai tsaron gidan, ƴar shekara biyar ko shida, tana tsaye tana duban uwarta kamar yau ta fara ganinta.

Siririyar nan mai ƙafar hagu ba mu same ta ba. An ce an kai ta aure can tsallaken iyaka, wajen Najeriya, iyayenta kuma sun tashi daga garin. Muka rubuta sunanta, muka bar sauran layin fari.

Shafi tara muka cika. Sauran ta ce na ƙungiyarsu ta Yamai ne, za ta ci gaba daga inda muka tsaya ba tare da ta tsallake shafi ba. Na ce mata ta sami akwatin ƙarfe, ta kuma kwafe wani ta ba ƙawa ta aje. Bayan an koma karatu da ƴan makonni ta kira ni a waya da dare, muryarta a dushe, ta ce sun yi wasansu na farko da wata ƙungiyar unguwa, an ci su. Na ce nawa? Ta faɗa, ba kaɗan ba ne. Na ce, "Ɗiyata, kin rubuta?" Ta ce tun kafin ta cire takalmi.